Ranar da Ƙofa Ta Karkace

Komai daɗewa, ba zan taɓa manta ranar da na je zauren wani dattijo na yi masa faɗa a kan laifin da ba nasa ba.

Ni aikin babbar riga nake yi da hannu a unguwar Ƙofar Jatau, sana'ar da na gada. Shi kuwa dattijon shi ke zana mana ado a kan yadi kafin mu bi da zare. A lokacin na daɗe da ciwon suga, amma ko a jikina. Tunda ina tafiya da ƙafafuna, ai ni a wurina lafiya ta samu.

Kwatsam sai na fara ganin layukan zanensa suna lanƙwashewa kamar dafaffiyar taliya. Na warware aikin kwana uku, na saɓa rigar na nufi gidansa a fusace.

"Baba, hannunka ya fara rawa, ka huta mana!"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Rufe idon hagu, ka dubi bakin ƙofar nan."

Na rufe. Wallahi ƙofar ma a karkace take!

Ya ƙyalƙyale da dariya. "To, ita ma ni na zana ta?"

Kunya ta rufe ni, sannan tsoro ya biyo baya, domin in ido ya tafi, ban iya wata sana'a ba. Duk da haka sai da na yi mako biyu ina ta ɗura tozali kafin matata ta tasa ni gaba zuwa asibitin ido.

Likita ta ɗauki hoton bayan idona da na'ura, ta nuna mini. "Malam, ka ga siririyar shimfiɗar nan da ke ɗaukar gani? Suga ya sa ƙananan jijiyoyin jini suna yoyo, ruwa ya taru, ta kumbura ta yi kauri. Allura za mu yi maka a ido."

"A ina?" na ce, har hulata ta faɗi. Matata ta yi ta dariya har da hawaye, da aka yi allurar kuma, ashe abin bai kai yadda na zata zafi ba.

Bayan 'yan watanni kumburin ya sauka, na koma bakin aiki, ko da yake idon dama bai dawo yadda yake ba. Likita ta ce da na ƙara jinkiri, da yanzu jagora ake yi mini. Na koyi cewa ciwon suga ba ya sallama kafin ya shiga ido. Mai shi ya je a duba masa ido duk shekara, tun yana gani sarai.