Naman da Ya Tsiro a Kunnen Yayana

Yayana masunci ne a Argungu, ni kuma shinkafa nake nomawa a fadama. Kunnensa na hagu tun muna yara ya mutu, da na dama yake jin duniya. To shi wannan na daman ne ya fara zubar da mugunya wata damina, ya ƙi tsayawa. Bai daina nutso ba. Zai shiga ruwa da homa, ragarsa ta kamun kifi, ya fito, ya karkata kai yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya ce ya zazzage.

Babu abin da ba a ɗiga masa ba. Ruwan albasa, man shanu, har turare. Wari dai sai ƙaruwa yake. Matarsa ta dinga wanke rigar matashin kai tana shanyawa a bayan ɗaki don kada baƙi su gani.

Wata rana muna cin tuwo na yi masa magana bai waigo ba. Na kama kunnen na juya wajen haske, sai na ga wani jan nama ya leƙo daga ciki, kamar kan tsokar kifi.

"Yaya, wani abu ya tsiro maka."

"Mi kac ce?"

"Na ce nama ya tsiro!"

"Ina naman? Ni kuka zalla nika gani cikin miyag ga."

A wurinmu duk naman da ya fito inda ba a gayyace shi ba, na wanzami ne. Shi ke cire beli, shi ke fasa maruru. Wanzamin unguwarmu abokin Yaya ne tun ƙuruciya, mutumin kirki, hannunsa ba ya rawa. Ya duba ya ce, "Wanga ai ɗan aiki na. Riƙe mini kan tsohon banza." Na riƙe. Ya ɗan yanke abin da ya leƙo, jini ya zuba, anka toshe da auduga. Yaya ya ce ya ji iska ta shiga, har ya ji kukan zakaran maƙwabta. Munka yi murna.

Kafin shinkafa ta nuna naman ya dawo, ya fi na da, ya cike ramin taf. Yaya ya daina zuwa hira gindin bedi, wato darbejiya. Ana dariya ba ya sanin dalili, sai ya yi tasa a makare, yara su sake fashewa. Wanzami ya zo da askarsa zai ƙara, ya duba, ya mayar da ita cikin zabira. Ya ce abin ya yi zurfi, shi dai ba zai bi shi ciki ba.

Haka na ɗauko shi a babur zuwa asibiti a Birnin Kebbi. Likitan kunne mace ce, ba ta kai sa'ar ƙanwarmu ba. Na tambaye ta kai tsaye: me ya sa an yanke abu ya dawo?

Ta tambayi sana'ata, na faɗa. Ta ce, "To Baba, in ruwa ya fasa jingar gona, me kuke yi?"

Na ce wani ya yi kururuwa, kowa ya zo da ƙasa.

"In an toshe amma mai kururuwar bai yi shiru ba fa?"

Na ce sai a yi ta zuba ƙasa har a binne shinkafar.

Ta ce haka kunnen ya yi. A bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai shimfiɗar fata siririya. Ƙwayoyin cuta sun zauna a ciki, fatar kuma tana aika wa 'yan'uwanta saƙo cewa a ƙaru, a yi kauri, a toshe. Muddin cutar na nan, saƙon ba ya tsayawa. Wanzami ƙasar ya kwashe, ya bar mai kururuwa.

Na matsa bakin kunnen Yaya na ƙwala masa duk abin da ta ce. Ya ce, "Ce mata ta kama shegen."

Anka wanke kunnen, anka ba shi magani na sha da na ɗigawa, munka yi ta zarya a hanyar nan har bayana ya gaji da babur. Daga baya sunka yi masa aiki. Ta gaya mana tun farko cewa ƙananan ƙasusuwan ciki sun ɗan cinyu, kada mu sa ran komai zai dawo. Ta kuma hana shi nutso har abada. Wannan kam bai buƙaci in maimaita masa ba, a bakinta ya karanta, ya sunkuyar da kai.

Ranar da anka cire audugar ina tsaye a bayansa. Likita ta yi mini alama in yi magana ba ihu. Sai na ce, "Yaya, mu tafi gida."

Bai waigo da sauri ba. Da ya waigo ya ce, "Na ji ka. Kamar daga tsallaken gulbi, amma na ji."

Har yau haka yake ji. In kana so ya amsa, ka zauna ta damansa, ka yi magana a hankali.