Makarantar da Bahon Wanki Ya Zaɓa

Shekara arba'in da ɗoriya Manang Soling ta yi tana wanki da guga a bayan kasuwar garinmu, kuma duk wanda ya miƙa mata riga ya miƙa mata asirinsa. Ta san magidancin da ke shan taba a ɓoye. Ta san amaryar da ba ta iya suyar kifi ba. Ƙafarta ba ta taɓa taka aji ba. Tana shekara tara uwarta ta ɗora mata ƙullin kayan gidan mai gonar rake suka gangara rafi, daga ranar hannunta bai sake bushewa ba. Ta auri Berting masunci, ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Nenita. Nenita ta girma, ta haihu, ta tafi aikatau Hong Kong, ta bar wa tsohuwar jikanya mai suna Jerlyn da alkawarin dawowa bayan shekara biyu. Shekara biyun nan ta haihu ta hayayyafa har ta zama goma sha ɗaya.

A shekarar da Jerlyn ta gama sakandare, Nenita ta rantse za ta tattaro ta dawo gida gaba ɗaya a watan Kirsimeti. Sai yarinya ta ce karatun jinya take so. Wace yarinya ce ba ta so a garin nan? Makarantun kuwa biyu ne. Akwai ta kuɗi a bakin babbar hanya, hawa huɗu, jikinta duk gilashi, sanyin na'urar da ke ciki har titi yake leƙowa, ga ƙaton ƙyalle an rataya da hotunan 'yan mata cikin farar hula suna washe haƙora. Kowa ya zo an ɗauke shi, har lema da jaka suke bayarwa kyauta. Akwai kuma kwalejin gari a bayan ofishin magajin gari, tsohon gini mai yoyo, ba a biyan abin kirki, amma mutum arba'in kawai suke ɗauka, sai an ci jarrabawa, kuma ranar Juma'a za su rufe rubuta suna.

Jerlyn ta ga gilashi ta mato. Nenita ta bugo waya ta ce a kai ta can, ita za ta sake sa hannu a kan wasu shekaru huɗu na aikatau, ai ba a mutuwa da wankin banɗaki. Soling ta ajiye wayar a kan buhun shinkafa. 'Yarta take so ta dawo. Amma in makarantar gilashin ce ta fi, ba ita za ta tsaya a gaban jikarta ba. Abin da ya rage shi ne ta san ko gilashin ya kai shekara huɗun Nenita.

Takardun da makarantun suka raba ba su da amfani a wurinta, sai dai fifita. Amma ɗakunan kwanan ɗaliban duka biyu ita suke kawo wa wanki. Ranar Litinin ta ja wa Jerlyn kujera 'yar tsuguno, ta tura mata baho da sabulu.

"Lola, kakata, ni fa nas zan zama, ba mai wanki ba."

"To fara gaisawa da rigar tukuna, Inday, 'yar jikata. Mutum ba ya aure bai ga dangin miji ba."

Ƙullin ranar na 'yan makarantar kuɗi ne. Jerlyn ta yi ta yabo, wai dubi tsafta, kamar ba a sa ba. Soling ta sa ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana. Jan-baki a wuyan wannan, ɗigon shayi mai madara a ƙirjin waccan, tawada a aljihun wata. Riga talatin, ruwa ɗaya ya ishe su. Tsohuwar ta ce ta ga inda mai rigar ta ci, ta ga inda ta yi kwalliya, saura a nuna mata inda ta taɓa mara lafiya.

Ranar Talata aka kawo na 'yan kwaleji. Tun kafin a kwance ƙullin kajin gidan suka matsa. Aidin, jini, amai, fitsarin jarirai, da wasu abubuwan da ba a faɗa ana cin abinci. Jerlyn ta kwance, ta leƙa, ta ruga bayan ayaba ta amayar da karin kumallonta.

"Sannu, malamar asibiti," in ji Soling, ba ta ko ɗago ba. "Ke ce ta farko da na ga riga ta kwantar. In kira miki likita ko in kira tela?"

Amma Soling ba ta yanke hukunci da kunne ɗaya. Da yamma wata 'yar aji uku ta makarantar kuɗi, Divine, ta zo karɓar gugarta, tsohuwar ta zaunar da ita, ta ba ta ayaba soyayya, ta tambaye ta mutum nawa ta taɓa yi wa allura. Yarinyar kirki ce, ba ta ɓoye ba. Ta ce suna da mutum-mutumin roba da aka kawo daga waje, yana numfashi, yana ƙifta ido, a jikinsa suke koyo. Asibiti kuwa sai shekarar ƙarshe, don sun yi yawa, gadajen da aka ba su kaɗan ne, wani lokaci su goma sha biyu suke kewaye tsoho ɗaya. Soling ta tambaya ko ɗan robar ya taɓa zagin uwar wani, ko ya kai hauri ana neman jijiya. Divine ta yi dariya ta ce shi kam akwai haƙuri.

Ranar Laraba Jerlyn ta koma kan baho da gyale a hanci. Cikin kayan 'yan kwalejin ta ciro wata riga da ta ɓaci tun daga ƙirji har gwiwa, an ɗinka suna a wuyanta, Ruvelyn. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta shanya, ta goge, tana ta tambayar me zai yi wa riga haka. Soling ta sani sarai, amma ta ce ita wanki aka ba ta, ba duba ba. Sai yarinya ta ce ita za ta kai wa mai rigar da kanta.

Ba ta dawo ba sai da la'asar, bakinta kamar an kunna rediyo. Wata mata ce naƙuda ta kama a cikin keke mai ƙafa uku, ba ta kai ɗakin haihuwa ba, a bakin ƙofar asibitin gunduma Ruvelyn, 'yar aji biyu, ta tare jaririn da hannunta, ungozoma na tafe da gudu takalmi ɗaya a ƙafa. Jerlyn ta je har gadon ta ga jaririn. Sau uku ta ba da labarin, shinkafarta ta huce a kwano, kyanwa ta ɗauke kifin ba ta lura ba. Washegari da safe ta je ta rubuta sunanta a kwaleji.

Nenita ta bugo wa uwarta tana huci.

"Nanay, a ajin da ake tara bokiti saboda yoyo za ki kai min 'ya?"

"Ɗaukar bokiti rabin aikin ne, gara ta saba. Ke dai ki taho gida, kada ki zo ki tarar a mazaunaina take koyon allura, babu mai riƙe ni."

Nenita ta ce to in yarinyar ta faɗi jarrabawar fa? Soling ta ce in ta faɗi, gilashi ba ya gudu, kuma kullum yana da gurbi.

Ba ta faɗi ba. Ta zo ta talatin da takwas, da ƙyar da jiɓin goshi, amma cikin arba'in ɗin dai. Sai dai Soling mai wanki ce, ba mai riƙon baki ba. Kafin mako ya zagayo, babu mai sayar da kifin da ba ta ji labarin ɗan roba mai haƙuri ba. Maganar ta kai kunnen uwar ɗakin kwanan makarantar kuɗi, ta janye wankinta ta kai wa masu injin wanki. Aka bar Soling da ƙullin da kaji ke gudu.

Nenita ta sauka a watan Kirsimeti da akwatuna uku da ciwon baya. Kwana biyu aka bar ta ta yi barci, aka yanka mata kaza. A rana ta uku ta fito tsakar gida ta tarar da baho biyu maimakon ɗaya.

"Shekara goma sha ɗaya ina wa mutane wanki, Nanay."

"Madalla, ashe ba sai na koya miki ba," in ji Soling, ta matsa mata don ta zauna a gefen inuwa.