Gari Biyu na Inna

A shekarar fari, lokacin da damina ta yi mana rowa a ƙauyenmu na yankin Gezawa, tuwon dare ya koma kunu, kunun ma tsararo. Amma kakata, wadda muke kira Inna, ba ta fasa tatsuniya ba. Da an idar da magariba sai ta hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Nata kunun kuwa a ƙoƙonmu yake ƙarewa. "Ni na ƙoshi tun kafin a haifi ubanku," in ji ta.

Damin gero ɗaya ya rage a rumbu, na iri. Ran nan Baba ya ce gobe a sussuke shi a niƙa, ba zai iya kallon 'ya'yansa suna ramewa ba. Inna ba ta yi masa musu ba. Ta bari ya zauna a bakin ƙofa, sannan ta ɗaga murya: "To, ga wata nan tafe, mai kunne ya matso."

Wai wa da ƙane ne yunwa ta kora daji, suka tarar da wata tsohuwa a bakin rijiya. Ta ce kowa ya roƙi abu ɗaya. Baki ɗaya suka ce, "Gari!" Tsohuwa ta ce, "Wanne? Na tuƙawa ko na zama?" Wan ya ce na tuƙawa, ta cika masa buhu. Ƙanen ya ce na zama, sai ta zuba masa tsabar gero a tafin hannu. Muka yi ta yi wa ƙanen dariya. Amma da ruwa ya sauka shi kaɗai ya yi shuka, mutane suka taru gefen gonarsa, gari ya kafu.

"Shi wan fa, Inna?" muka tambaya.

"Yana nan yana karkaɗe buhu," ta ce, idonta a bakin ƙofa.

Baba ya yi gyaran murya ya tashi. Damin nan bai sauko ba. Muka ci ganyen tafasa har ya fita ranmu, ruwa ya zo, muka shuka. Inna ta ga gero ya fid da kai, amma ta rasu ba ta ɗanɗani sabon tuwo ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Bayan na zama malamin makaranta, wata rana ina wasan cike gurbin kalmomi a jaridar Turanci, sai aka nemi kalmar Latin mai harafi huɗu. Abokin aikina ya ce alma ce. Ya ce ita ma kamar gari take, ma'anarta ba ɗaya ba: mai ciyarwa, mai rayarwa, mai tausayi. Na dubi gurabun nan huɗu, na rubuta INNA.

Ya leƙo ya ce, "Malam, ai ka yi kuskure."

Na ce masa shi ne dai bai san ta ba.