Taswirar da Ke Bayan Kujerar Shugaba

Duk wanda ya yi sakandaren nan ta bayan tashar mota ya san Malama Zare, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta iya ajiye magana a ciki ba. Ba sunanta ba ne, ɗalibai ne suka laƙaba mata, saboda kullum akwai farin zare naɗe a ɗan yatsanta. Labarin ƙasa take koyarwa, kuma da zaren ake auna tsawon kogi a kan taswira: a kwantar da shi ya bi duk lanƙwasar kogin, a ɗaga shi, a miƙe shi a jikin rula. Mahaifinta tela ne, a gindin kekensa ta girma tana tsintar guntayen zare, shi ya sa take cewa duk gidansu ita kaɗai ta gaji sana'ar ba tare da ta taɓa ɗinka ko aljihu ba.

Maigidanta direban babbar mota ne da ciwon baya ya zaunar da shi a gida. Aikinsa yanzu tsokanarta. Yakan gaya wa baƙi cewa matarsa ta san hanyar kowane kogi a duniya, amma in ka sake ta a cikin kasuwa sai an bi sawu. Ita kuma ta ce shi da ya ƙare rayuwarsa a kan hanya, in aka shimfiɗa masa taswira juya ta yake yi kamar mai neman bakin buhu. A haka suka tsufa tare, kuma in ban da wannan ba su da wani faɗa.

Faɗanta na gaske a makaranta yake, kuma a kan abu ɗaya ne. A jarrabawar fita, ɓangaren da ke kayar da yara shi ne karatun taswira. Ana shimfiɗa wa kowane ɗalibi taswira mai launi, ruwa da shuɗin layi, tudu da kwari da siraran layuka masu ruwan ƙasa. Wanda ya saba da launukan, kallo ɗaya zai raba kogi da tudu. Makarantar kuwa taswira mai launi guda ɗaya tak ta mallaka. Shekarar da Malama ta fara aiki a makarantar ta riƙe ta a hannunta na zango ɗaya, sai shugaban makaranta na lokacin ya gan ta, ta burge shi. Ya sa aka yi wa malamar fotokofi baƙi da fari, ita kuma ta ainihin aka sa mata gilashi da katako, aka ɗaure ta da kusoshi a bangon ofis, can sama bayan kujerarsa, daidai inda rana ke shigowa ta taga.

Tun daga nan fotokofi ke haifar fotokofi. Duk shekara layukan sai sun ƙara kauri, sun ƙara cakuɗewa, har takardar ta koma kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Kogi baƙi, tudu baƙi, hanya baƙa. Malama takan tsaya gaban allo tana rantse wa yara cewa wannan layin shuɗi ne, su kuma su gyaɗa kai don ladabi, alhali baƙi suke gani. Ta gwada bin layukan da fensir mai launi, amma inda suka haɗe ita kanta kintace take yi, kuma ta tsani koyar da kintace.

Abin da ya mayar da haushin ya zama ciwo shi ne 'yar ƙanenta, wadda ta riƙa tun tana ƙarama. Yarinyar ta fi kowa hannu a ajinsu, in ta kwantar da zare ko rawa ba ya yi, kuma burinta ta karanci safiyo, wato aikin awon ƙasa. Ranar jarrabawa ta buɗe taswira, launukan da ba ta taɓa gani ba suka ruɗa ta, ta ɗora zarenta a kan layin tudu ta auna shi tsaf a matsayin kogi. Duk lissafin da ya biyo baya a kan wannan aka gina shi, ya rushe gaba ɗaya. Ba ta sake zama jarrabawar ba, zuciyarta ta karye. Yanzu tana tsaron wani shagon sayar da caja da murfin waya a bakin tasha, kuma duk safiya sai ta leƙo ta ce, "Goggo, ina kwana." Malama ta gwammace a zage ta da ta ji wannan gaisuwar.

Shugabanni sun zo sun tafi, taswira tana nan. Kowanne ya tarar da ita a bango kamar yadda ya tarar da fanka, kuma kowanne amsarsa ɗaya ce: kayan ofis ne. Wani ya ce in an cire ta bangon zai yi tabo. Wani ya ce ta kawo yaran su gani daga bakin ƙofa, biyar biyar, ban da hayaniya, kamar masu zuwa duba mara lafiya. Duk baƙon da ya zo a gabanta ake ɗaukar hoto, shugaba ya gyara zama, taswira a saman kansa, don a san nan gidan ilimi ne. Kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa juyawa ya kalle ta.

Na yanzu matashi ne mai fara'a, irin masu cewa "Mama" kafin su hana ka abu. Da ta je masa a farkon shekararta ta ƙarshe kafin ritaya, ya yi dariya ya ce ai zamani ya wuce nan, komai yana cikin waya. Ta ce ya buɗe. Ya buɗe wata taswira mai kyau, ta warware zarenta ta ɗora a kan gilashin wayar, tana taɓawa kogin ya kumbura ya gudu gefe. Ta tambaye shi wanne za ta auna, na ɗazu ko na yanzu. Ya ce zai duba maganar. Ya yi ta dubawa har jarrabawa ta rage 'yan makonni.

A ajin bana akwai wata yarinya da ake kira Shiru, don ba ta magana sai ta kama dole. Ita ma hannunta ba ya rawa. Duk lokacin da Malama ta ga ta sunkuya a kan baƙar takardar nan, sai ta ga 'yar ƙanenta. Ta yi wa kanta alkawari, waɗannan ba za su shiga ɗakin jarrabawa ba sai sun ga shuɗi da idonsu.

Wata safiya ta buɗe akwatin kayan aikin maigidanta ta ɗauki sukundireba. Yana zaune yana shafa maganin baya, ya bi ta da kallo ya tambaya ko tayar duniya ce ta yi faci. Ta ce bango za ta je yi wa tiyata. Ya daina dariya, ya miƙo mata wata mai kan gicciye, ya ce kusoshin ofis yawanci irin wannan ne.

Ta bari sai da aka tara ɗalibai a fili, shugaba yana kan jawabinsa na muhimmancin jajircewa. Masinjan ofis, dattijo ne sa'anta, ya ga ta jawo kujerar shugaba ta cire takalmi ta hau. Ya ce, "Malama, ki rufa mini asiri." Ta ce ya je ya sha ruwa, bai ga komai ba. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da ta fasa farce kafin na ƙarshe ya fita. Ta rungumo abin da ƙurarsa da yanar gizonsa, ta ratsa baranda da shi, duk malamin da ya buɗe baki ta kalle shi ya rufe.

Da aka tashi daga taron, a aji ta kwantar da shi a kan tebur, ta ɓalle katakon baya, ta zaro takardar. Yara suka yi caa a kanta. Ga kogin nan shuɗi, ya ɗan koɗe amma shuɗi ne, da 'yan rafukansa suna gangarowa. Wani yaro ya ce ashe da gaske Malama take. Tana shirin ta ce masa da can ƙarya ya ɗauka tana yi, sai Shiru ta yi magana.

"Malama, ina tudun?"

Ta gyara tabarau ta sunkuya. Babu. Inda ta san layuka masu ruwan ƙasa sun taru sun yi tsauni, farar takarda ce fes. Shekara ashirin da wani abu rana tana shigowa ta tagar nan tana lasar launin, ta cinye shi tas, ta bar shuɗin kawai. Ita kuwa duk tsayuwar da ta yi a gaban teburin shugabanni tana roƙo, ta ɗaga ido sama ta cikin ƙura da ƙyallin gilashi, abin da ta sani take gani, ba abin da ke wurin ba. Ba su yi amfani da ita ba, ba su bari an yi ba, kuma ko adana ta ba su iya ba. Tun da take ba ta taɓa jin fushi irin wannan ba, fushin da ya hana ta ko zagi.

Sannan ta buɗe jakarta ta fito da fotokofin farko, wanda aka ba ta ranar da aka ƙwace taswirar, ya yi laushi don tsufa amma layukansa ba su cakuɗe ba. Ta manna shi a gilashin taga, ta ɗora koɗaɗɗiyar taswirar a kansa, ta daidaita kusurwa da kusurwa. Haske ya ratso, baƙaƙen layukan suka fito ta baya. Ta ce su duba da kyau: duk layin da ya hau kan shuɗi ruwa ne, sauran siraran da ke zagaye juna kuwa tudu ne. Ta zazzage fensira masu ruwan ƙasa a kan tebur, ta ce kowa zai zo ya mayar da layi ɗaya inda yake.

Sun mayar da rabin tsaunin kenan sai ga shugaba ta baranda, masinja na biye da shi. Bai shigo ba, ya tsaya ta waje daidai tagar, ya ga yara na zane a kan taswirarsa. Fara'ar nan duk ta tafi. Ya ce, "Mama, kin san kayan ofis kike lalatawa? Wannan maganar ba za ta tsaya a nan ba."

Inuwarsa ta rufe gilashin, layukan baya suka ɓace. Shiru ce ke riƙe da fensir, ta tsaya cak a tsakiyar layinta, ta juyo tana kallon Malama.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka kai ta duk inda za ka kai ta, 'yan makonni suka rage mini. Akwai wata yarinya a bakin tasha tana sayar da caja, in ka wuce ka tambaye ta abin da aka lalata. Kun ba rana taswirar nan ta ci ta ƙoshi. Yanzu matsa daga tagar, yau mu ke da aiki da ita."

Ya dubi yaran da suka zuba masa ido, ya dubi farar takardar da ya sha ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Masinja ya ɗan ja hannun rigarsa. Ya matsa.

Layukan suka dawo. Shiru ta ƙarasa nata, ta ajiye fensir, ba wanda ya ce mata komai ta miƙa hannu. Malama ta warware zaren daga yatsanta mai fasasshen farce ta ba ta. Yarinyar ta tsallake layin tudun da ta zana yanzu, ta kwantar da zaren a kan shuɗin.