Littafin da Aka Turo Mana da Sanda

Sri Petaling

Mun fito bayan sallar asuba, ni da Rabi, 'yar ƙanwata, kowa da takunkumi a fuska. Ziyara na zo, korona ta rufe ni. Ita kuwa digiri na uku take yi a kan wani malamin Hindu da ya daɗe da rasuwa, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana rubutu a kan cewa babu ɗan Adam ɗin da taɓa shi ƙazanta ne. Littafinsa na ƙarshe take nema, babu shi a intanet sai a ɗan ɗakin karatu na wani wurin ibadar 'yan Hindu a unguwar Brickfields. In ba ta gan shi ba, malaminta na jami'a ba zai sa hannu ba, ga biza na shirin ƙarewa.

Titiwangsa

A jirgin ƙasa muna zama, mutane suka tashi, kujerun gefenmu suka zama fili. Na ce, "Rabi, yau mun zama manya." Ba ta yi dariya ba. Mun sauya jirgi a Titiwangsa, muna wuce tashar Chow Kit ta shinshina jakata.

"Kawu, mene ne wannan?"

"Kilishi. Tsarabar masu littafi."

"Naman saniya za ka kai wa 'yan Hindu?"

Haka na tura shi can ƙasan jaka, ƙamshi yana tona mini asiri.

Brickfields

A ƙofa aka auna zafin jikin wasu mutum biyu, suka shige. Da aka zo kanmu, sakataren wurin ya ja baya, ya ce baƙi irinmu ba boleh ba, wato ba dama. Irinmu! Na shiga ƙasashe da yawa, an ci mini fuska iri-iri, amma ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba, don hoton malamin Hindun nan yana rataye daidai saman kansa.

Rabi ta yi ta roƙo. Can ya ɗauko littafin, ya ajiye a ƙasa, ya turo mana da sandar goge daɓe. Mu da ko takardar da iska ta kwaso in da rubutu ɗagawa muke yi.

Na sunkuya, ta riƙe mini riga.

"Kar ka ɗauka, Kawu."

"Biza fa?"

"Ta ƙare. Haka ake miƙa wa waɗanda malamin ya yi rubutun dominsu abinci. Ba zan karɓa haka ba."

Muna tsaye rana tana dukanmu, sai ga wata tsohuwa ta zo ibada da furanni a hannu. Ta ga littafi a ƙasa, ta ɗauka, ta kai goshinta. Abin da ta faɗa wa sakataren da yaren Tamil ban ji ba, amma na san faɗan uwa a kowane yare. Ta ɗora wa Rabi littafin a tafin hannu, ta zauna kusa da ita a kan dakali har ta gama ɗaukar hoton shafukan. Sakataren bai ba da haƙuri ba, ni ma har yau ban huce ba.

Gida

Mun iso da la'asar, Rabi ta shige ɗaki ta hau rubutu. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, sai tsohuwar nan da ko sunanta ba mu tambaya ba.