Tiyon Motar Baba da Ƙafar Gwaggo Hajo

Wani siririn huci ne, sss, ya fito daga bayan tukunyar gas ɗina ranar nan ina shirin ɗora tuwo. Na yi maza na rufe ta, na buɗe taga, na laluba tiyon, sai na ji ya bushe ya tsage daga gindi. Ina riƙe da shi raina ya ɓaci, ɓacin da ya fi ƙarfin guntun roba. Autata Asma'u ta tsaya tana kallona. Na ce ta jawo kujera in ba ta labarin Gwaggo Hajo.

Lokacin ba a daɗe da cire mu daga Sakkwato an ba mu jihar Kebbi ba. Muna zaune Aliero. Baba yana da tsohuwar a-kori-kura, har lambar Sakkwato ba a canza mata ba, da ita yake kwasar albasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Jega. A shekarar motar ta tsiro da wani hali. In tana gudu lafiya lau, amma da ta tsaya aka ɗaga ƙafa daga totur sai ta kama kakari, ta yi rawa, ta mutu. An canza fulogi, an wanke kafireta, abin yana nan.

To a duk hanyar, wurin da Baba ya fi daɗewa tsaye shi ne ƙauyen Kashin Zama, ƙofar Gwaggo Hajo. Dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ɗanta ma ya bi shi, ta rage da ɗan fegin albasar da suka bar mata. Ba ta da mai ɗauko mata buhu, ga ciwon gwiwa, don haka sai an jira ta. Kullum kuwa a nan motar ke mutuwa. Dillalan da ke zaune saman kaya suka haɗa wannan da rasuwar mazan gidanta, suka yanke hukunci: farar ƙafa gare ta. Suka ce wa Baba ko ita ko su. Baba, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gudun fitina. Ya fara wuce ƙofarta yana kallon gaba, buhunanta na jingine a rana.

Kakarmu, mahaifiyar Baba, da muke kira Iya, ita ke ba mu tatsuniya bayan sallar isha'i. Za ta tura kara cikin murhu, ta baza gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Ranar da maganar ta zo kunnenta ba ta gasa gyaɗa ba. Ta kuma ɗaga murya fiye da kullum, don ta san Baba yana zaure yana cin tuwo.

"Ga ta nan, ga mai kunne," in ji ta. Muka ce ta zo mu ji.

Wai an yi wani maƙeri mai zugazugin fatar akuya da ya gada wurin kakansa. Fatar ta tsufa ta bushe, bai taɓa shafa mata ko ɗigon mai ba. Wata rana wuta ta ƙi kamawa. Ya duba ya ga kyanwa kwance bakin maƙera, ya ce ita ce, ya kore ta. Wuta ta ƙi. Ya ce tsohuwar da ke zuwa jin ɗumi ce, ya watso mata tabarma waje. Wuta ta ƙi. Ya kori maƙwabci, ya kori masu kawo gyaran fartanya, har zakaran gidan bai bari ba.

"Sai da yak kore kowa," Iya ta ce, tana buga kara a ƙasa, "gida yay yi tsit. Yad danna zugazugi, sai yaj ji sss. Ashe iska na hita ta tsaguwar hwata tun hwarko, hayaniyar bakinai ta hana shi ji!"

Ƙanena Sani ya tambaya ko tsohuwar ta dawo.

"Ta dawo ina, ɗan nema? Sanyi ya riga ya gama da ita." Ta juya fuska wajen zaure. "Wanga zalunci da mi yay yi kama? Allah ya ɗauke ma mace miji, ya ɗauke mata ɗa, ku kuma ku ce ƙahwatta ta? Ku ka kashewa ku ka rayawa?"

A daren ba ta rufe tatsuniyar da kan ɓera ko kan kusu ba. Ta ce mu tashi, ba ta ƙare ba. Daga zaure ba mu ƙara jin motsin kwano ba.

Iya ba ta san komai game da inji ba, ko gaban mota ba ta yarda ta zauna. Haushi ne kawai ya sa ta magana. Amma da safe Baba ya buɗe murfin inji, ya tada motar, ya ce duk mu rufe baki. Ya sunkuya ya kasa kunne. Ni ma na ji shi, sss, can ƙasan rugugin inji. Ya kai hannu kan wani siririn tiyo da ya fito daga gindin kafireta, ya ɗan lanƙwasa shi, sai ya karye kamar ƙuli-ƙuli. Tiyon da ke kusa da shi ma ya farfashe. Ya ce waɗannan ƙananan tiyo iska suke zuƙa, in sun tsage sai injin ya sha iskar da ba tasa ba, shi ya sa ba ya iya tsayuwa shiru.

Ya hau motar haya zuwa Jega ya sayo sabon tiyo mai tsawo. Da ya dawo, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa cire tsofaffin, don kada ya rikita wanda ke zuwa nan da wanda ke zuwa can. Ya gwada tsawon sabo da tsoho, ya yanka da reza, ya tsoma bakin cikin ruwan zafin da Iya ta kawo masa a kwano don ya yi laushi, sannan ya cusa. Da ya tada motar ya sauke ƙafa daga totur, sai ta tsaya tana numfashi a hankali kamar jariri mai barci.

Ga abin da har yau yake ci mini rai. Dillalan nan suka hau, suka yi ta sa wa motar albarka, suna cewa ai tsohon ƙarfe ya fi sabo. Babu ko ɗaya da ya ambaci Gwaggo Hajo. Baba ya tsaya ƙofarta, ya tarar rabin albasar ta ruɓe, ta zubar bayan danga. Ya ce, "Gwaggo, a kawo kaya." Ta ce, "A'a, ɗana, ku tahi, kar in tsai da ku." Ta riga ta yarda da abin da aka ce da ita. Baba ya ja mota. Daga baya jaki take haya, kuma ko gidan suna aka gayyace ta sai ta tsaya daga ƙofa ta yi barka ta juya. Haka ta rayu har Allah ya karɓi abinsa.

Na girma na yi makaranta, na ji malamai suna cewa camfi ba ya cikin addini, na kuma ga masu gyaɗa kai a wurin wa'azin su ne masu nuna wata da baki in sun fita. Sai na gane abin da ya hana Iya rufe tatsuniyarta. Tiyo ana cire shi a sa sabo kafin azahar. Sunan da aka laƙaba wa baiwar Allah kuwa babu wanda ya ga aikinsa ne ya cire.

Na gama, na miƙe zan nemi mai sayo mini wani tiyon. Asma'u ba ta motsa ba, tana juya tsagaggen a hannunta.

"Umma," ta ce, "to da aka gane robar ce, wa ya je ya gaya wa Gwaggo Hajo ba ita ba ce?"