Madubin Kaka da Motar Baffa

Da ƙarfe sha ɗaya da kwata na wata ranar Alhamis motar Baffa ta fara tururi. Na san lokacin ne don Baffa ko atishawa zai yi sai ya dubi agogonsa. Muna dab da shiga Ɗantutture, inda ya kawo ni in yi wa Gwaggo sallama, sai ga tururi yana fitowa ta bakin bonet kamar an buɗe madambaci.

Sallamar ta makaranta ce. A bazarar nan hedimastanmu na Kurfi ya zo ya shaida wa Baba cewa wata yarinya ta janye daga makarantar kwana ta 'yan mata a Katsina, an ba ni gurbinta, amma lalle in bayyana ran Litinin, in ba haka ba a ba wata. Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta so ba. Da ƙyar ta yarda, shi ma da sharaɗi: ba za a ɗora jikarta kan buhuna a bayan babbar mota ba, sai dai Baffa ya kai ni har ƙofa. A gidanmu kuwa in Kaka ta yanke magana, iyakar Baba ya ce, "To, Inna."

Baffa ƙanen Baba ne, malamin dabbobi a Dutsin-Ma. Motar tasa baƙa ce, ta girme ni nesa, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Da ƙyar ta ja jiki zuwa ƙofar gidan Gwaggo. Baffa ya sa tsumma ya kwance murfin lagireto, ya leƙa, ya ce ruwanta ya ƙare, ƙishirwa take ji.

Mijin Gwaggo dattijo ne, manomi, wanda ba a shiga gidansa a fito da busasshen maƙogwaro. Da ya ji kalmar ƙishirwa sai ya tashi tsaye. An kawo ruwan tulu da ya sha rana, ya ce a mayar, ba a yi wa baƙo haka a gidansa ba. Ya shiga da kansa ya ɗebo na randarsa, wadda ke binne cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙuryar ɗaki, ruwan da in ka kurɓa sai haƙoranka sun amsa.

Na ga Baffa ya buɗe baki, ya rufe. Ya san ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, Baturen ya gaya masa. Amma yaya za a yi ya dubi mijin yayarsa ya ce ruwan gidansa cuta ne? Dattijo ya yi bisimilla ya tuttula. Motar ta yi wani tsaki mai tsawo.

"Ka ji ta ko? Godiya take," in ji shi.

A hanyar komawa ta yi ta tari, farin hayaƙi na bin mu a baya, har ta tsaya cik. Shanun huɗa ne suka ja mu har cikin Kurfi. Kaka ta leƙo ta zaure, ta dubi shanun, ta dubi motar, ta dube ni.

"Ai ga ishara nan," ta ce. "Motar ma ta ƙi."

Ran Asabar da hantsi makanike ya iso daga Dutsin-Ma a kan keke, da jakar sifanu ɗaure a baya. Gajere ne, mai yawan surutu. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya nuna wa Baffa. Man ya koma kalar koko.

"Malam, gaskit ya ƙone," ya ce. Ya ga ina kallo daga bakin zaure, sai ya yi mini bayani ni ma: wani siririn faranti ne tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ke raba ruwa da mai da wuta, kamar danga tsakanin gonaki. Ya zo da wani, na wata mota irinta da ta mutu tuntuni.

Ya fara kwance notuna yana watsarwa a ƙasa. Abin ya dame ni. Na shiga gida na ɗauko faifai, na riƙa tsince su ina jerawa yadda suka fito, na gaba a gaba, na baya a baya.

"Malam, ɗiyar nan kurma ce?"

"Mai karatu ce," in ji Baffa.

"To ai gara. Da mai magana ce da mun yi yawa."

Da ya ɗaga kan injin ya goge, sai ya kifa shi ya aza wani miƙaƙƙen ƙarfen awo a kai, ya ɗaga wajen rana. Haske na ratsawa ta ƙarƙashi. Ruwan randa ya sa ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, ko an sa wani gaskit ƙonewa zai yi. Mafita biyu ce: a kai Kano, a jira mako, ko kuwa a samo gilashi mai kauri, shimfiɗaɗɗe, ya goge kan injin a kai har ya daidaita. Ya ƙara da cewa gilashin ba zai sake moruwa ba.

Baba da Baffa suka dubi juna. Duk unguwarmu gilashi irin wannan ɗaya ne, madubin Kaka. Marigayi kakanmu ne ya kawo mata shi daga Kano a kan jaki, naɗe cikin bargo biyu. Amaren unguwa a gabansa suke ɗaurin kallabi.

"Kai ne babba," in ji Baffa.

"Kai ne auta, kai take ji."

Ƙarshe suka juyo kaina. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, abin da ɗa ba zai iya faɗa ba jika sai ya faɗa ana dariya. Sauran jikoki har goronta suke kwashewa a gabanta. Ni kuwa ban taɓa cin wannan gata ba. Gaisuwa ma sai ta ce in ɗaga murya. Baffa ya ce in ce aro ne kawai, na yini guda.

Na same ta tana kaɗi. Na durƙusa, na daɗe ina kallon mazarinta yana juyawa.

"Ke, in kin zo tsayuwar dare ne, da sauran rana."

"Kaka, makanike na son madubinki."

"Kwalliya zai yi?"

"Ƙarfe zai goga a kai." Maganar ba ta cika ba, kuma ban iya barin magana ba ta cika ba. "Baffa ya ce in ce aro ne. Amma zai lalace. Ba za a ƙara ganin fuska a ciki ba."

"In na hana fa?"

"Sai a ba wata gurbin."

Ta ci gaba da kaɗinta. Sai bayan la'asar ta kira Baba ta ce a sauke madubin. "A gyara wa yaron nan abin hawansa ya kwashe mini shi daga ƙofar gida, kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashi." Zancen tafiyata ko kusa ba ta tayar ba.

Ran Lahadi makanike ya ɓare katakon madubin, ya shimfiɗa gilashin kan tabarma, ya shafa wani maiƙo mai tsakin yashi. Ya durƙusa ya riƙa tura kan injin gaba da baya, yana juya shi. Mata suka leƙo ta katanga suna dariya, wata ta ce in ya gama ga geronta nan. Ya ce kuɗin niƙansa ya fi ƙarfin mijinta. Jefi-jefi ya goge, ya aza ƙarfen awo, ya miƙo mini in duba, wai idanun masu karatu sun fi kaifi. Sai da na ce ban ga haske ba ya tsaya.

Ya ɗora gaskit, ya mayar da kan injin. Ina miƙa masa notuna daga faifai yana ɗaurewa, daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Aka canza mai, aka zuba ruwan da ya kwana a rana. Samarin unguwa suka tura, ta yi tari biyu ta kama. Baffa ya dubi agogonsa.

Ni na wanke gilashin na kai mata. Ya zama fari fat, kamar an shafe shi da ƙulli. Ta riƙe shi a gaban fuskarta, ta karkata shi hagu da dama, ta jingina shi da bango. Akwatina na nan ɗaure a ɗaki tun Laraba, kuma babu wanda zai taɓa shi sai ta ce.

"Kaka," na ce, "gobe Litinin."

"Na sani."

"In tafi?"

Ta gyara kallabinta da hannu, ta lalube shi ta baya, ya ƙara karkacewa.

"Yanzu ba ni da madubi. Wanda duk ya zauna kusa da ni, shi zai riƙa gaya mini in ɗaurina ya karkace. Ke kuwa tun ɗazu kike kallonsa, ba ki ce uffan ba. Mi zan yi da ke? Je ki ɗauko akwatin a sa a mota."